Hanci, Sauro Da Ƙuduji: Yadda Halittu Ke Gane Sinadarai, Da Dalilin Da Ya Sa Waya Ba Ta Jin Ƙamshi

Ranar da ruwan farko ya sauka a Lausu, cikin ƙaramar hukumar Rano, ko wanda ke kwance a ɗaki ba sai an gaya masa ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ke riga kowa shigowa. Matashin da ke riƙe da waya zai iya ɗaukar bidiyon hadarin, ya naɗi ƙarar tsawa, ya tura wa yayansa da ke ci-rani a Legas ta WhatsApp cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hoton zai isa, ƙarar ma za ta isa, amma ƙamshin nan zai tsaya a Lausu.

Wayar zamani tana da kyamara a matsayin ido, tana da makirufo a matsayin kunne, tana jin taɓin yatsa, tana sanin an juya ta, tana sanin inda take a doron ƙasa. Hanci da harshe ne ba ta da su. A ɗaya ɓangaren kuma, sauro, ƙuda, tarwaɗa, har da irin ciyawar da ke kwance cikin ƙasa, duk suna gane sinadarai da ƙwarewar da injiniyoyi ke ta fafutukar kwaikwayo. Wannan darasi zai bayyana yadda wannan ganewa ke faruwa, inda take ceton rai, inda take gazawa, da kuma inda fasaha ta kai wajen ƙera hancin lantarki.

Kwaɗo da makulli

Duk wani ƙamshi, wari ko ɗanɗano, asalinsa ɓurɓushin sinadari ne da ido ba ya gani. Ƙamshin ruwan farko, alal misali, yawancinsa daga wani sinadari ne mai suna jiyosmin, wanda wasu bakteriyar cikin ƙasa ke samarwa. Idan ɗigon ruwa ya bugi busasshiyar ƙasa, sai ya watsa shi cikin iska. Shi ne kuma ke sa wani kifin kududdufi ɗanɗanon taɓo.

A jikin halittu akwai ƙwayoyin halitta na musamman da aikinsu shi ne sansano irin waɗannan sinadarai. A fatar kowace ƙwaya akwai wani furotin da za a iya kira makarɓi. Makarɓin yana da ɗan gurbi mai siffa ta musamman, kamar bakin kwaɗo. Idan sinadarin da ya dace da gurbin ya shiga, makarɓin kan ɗan canza siffa, wannan canjin kuma shi ke tayar da saƙo a cikin ƙwayar. A dabbobi da mutane, saƙon kan koma lantarki ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa.

Duk mai ta'ammali da waya ya san wannan tsari ko da bai lura ba. Kyamara tana juya haske ya koma lantarki, makirufo yana juya motsin iska ya koma lantarki. Ƙwayar sansano kuwa sinadari take juyawa ya koma lantarki.

Abin da ke faruwa a cikin hanci

Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wata 'yar fata da faɗinta bai wuce 'yan santimita ba. A cikinta akwai miliyoyin ƙwayoyin jijiya, kowace da 'yan siraran gashi da ke kwance cikin danshin majina. A jikin waɗannan gashin makarɓan suke. Aikin yana tafiya ne kamar haka:

1. Mutum ya shaƙi iska, ɓurɓushin sinadarin ya hau sama ya narke cikin majina.
2. Sinadarin ya shiga gurbin makarɓin da ya dace da shi.
3. Makarɓin ya taɓa wani furotin da ke cikin ƙwayar, shi kuma ya sa a samar da wani ɗan aike mai suna cAMP masu yawa. A nan ne ake ƙara wa saƙon ƙarfi, kamar yadda amfilifaya ke ɗaga muryar mai magana a lasifika.
4. Ɗan aiken ya buɗe wasu ƙofofi a fatar ƙwayar, sinadaran sodiyam da kalsiyam masu ɗauke da caji suka kwararo ciki, sai lantarki ya tashi.
5. Saƙon ya bi jijiya ya ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ya isa wani ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa inda ake tace saƙonnin ƙamshi, daga nan a rarraba su zuwa sauran sassa.

Har zuwa 1991 ba a san ainihin waɗannan makarɓa ba. A shekarar ne wasu masana biyu a jami'ar Columbia da ke Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera su, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan'adam yana da nau'in makarɓan ƙamshi kusan 400 masu aiki, ɓera kuwa yana da sama da 1,000. Kowace ƙwayar jijiya nau'i ɗaya tak take ɗauka.

Tambayar da kan biyo baya ita ce, ta yaya makarɓa 400 za su bambance dubban ƙamshi? Amsar ita ce kwaɗon nan ba mai tsauri ba ne. Sinadari ɗaya yakan buɗe makarɓa da yawa, wasu da ƙarfi wasu sama-sama, haka makarɓi ɗaya yakan karɓi sinadarai da yawa. Abin da ƙwaƙwalwa ke karantawa shi ne jerin waɗanda suka kunnu tare. Kamar haruffa ne a allon rubutun waya: ba su da yawa, amma kalmomin da za a haɗa da su ba su ƙirguwa. Turaren wuta yana rubuta tasa kalmar, tsire a kan wuta tasa, ƙonannen waya a cikin caja ma tasa.

Saƙon ƙamshi yana isa kusa-kusa da sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tuna baya da motsin zuciya. Shi ya sa wanda ya shekara goma a birni, da ya ji ƙamshin ɗanyar masara a kan garwashi, sai gonar gidansu ta faɗo masa a rai.

Akwai wasu halaye biyu na waɗannan ƙwayoyi da ya kamata a riƙe. Na farko, suna sabawa. Idan ƙamshi ya daɗe, ƙwayar kan rage amsawa, shi ya sa mai turare ba ya jin na jikinsa bayan ɗan lokaci, mai sayar da fetur ma ya daina jin warin da ke damun baƙo. Na biyu, suna sabuntawa. Idan tsofaffi sun mutu, sababbi kan fito, abin da ba kasafai ake samu a ƙwayoyin jijiya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin waɗanda cutar korona ta ɗauke wa jin ƙamshi a 2020 suka dawo daidai bayan 'yan makonni. Bincike ya nuna cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ne.

Harshe: ɗanɗano biyar, da yajin da ba ya cikinsu

Tsarin harshe ya fi na hanci sauƙi. A jikinsa akwai dubban 'yan ƙulle-ƙullen ɗanɗano, kowane da ƙwayoyi 50 zuwa 100. Abubuwa biyar suke ganewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, sai na biyar da wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 ya raɗa masa suna umami. Sinadarin gulutamet ne ke tayar da shi, kuma shi ne daɗin da ake ji a romon nama da farin magi. Mata masu dafa kalwa su rufe ta kwanaki har ta zama daddawa sun daɗe suna samar da shi. Ruɓawar da kalwar ke yi ita ke farfasa furotin ɗinta ya saki gulutamet.

Zaƙi makarɓi guda yake da shi, ɗaci kuwa kusan 25. Hikimar a bayyane take, domin yawancin dafin tsirrai ɗaci ne da shi, don haka jiki ya jera masu gadi da yawa a wannan ƙofa. Taswirar nan da ake zanawa a wasu littattafan makaranta, wai zaƙi a gaban harshe ɗaci a baya, ba daidai ba ce. Duk inda ake jin ɗanɗano a harshe ana jin duka biyar ɗin.

Yaji ba ya cikin jerin. Sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono da attaruhu yana kunna wani makarɓi ne mai suna TRPV1, wanda asalin aikinsa shi ne gargaɗi idan zafi ya haura digiri 43. David Julius da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1997, ya kuma samu Nobel a 2021. Ke nan Bahaushe bai yi kuskure ba da yake cewa yaji yana da zafi, domin saƙon da ƙwaƙwalwa ke samu na ƙuna ne. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, don haka nono ko madara sun fi ruwan sanyi kashe shi.

Yawancin abin da ake kira daɗin abinci ma hanci ne ke ba da shi, ta hanyar tururin da ke hawa daga bayan maƙogwaro. Shi ya sa mai mura ke cewa miya salam take, alhali mai girkin ba ta rage komai ba.

Masu gadin cikin jini, da iskar da ke wuce su

A gefen wuya dama da hagu, inda babbar jijiyar jini mai zuwa kai ta rabu biyu, akwai ɗan ƙulli da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ƙwayoyinsa suna auna iskar oksijin da ke cikin jini dare da rana. Idan ta yi ƙasa, nan take su aika saƙo a ƙara saurin numfashi. Corneille Heymans na ƙasar Beljiyam ya samu Nobel ta 1938 saboda bayyana wannan aiki. A gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai wasu ƙwayoyin da ke lura da taruwar iskar kabon dayoksaid. Idan yaro ya yi nutso a rafi ya riƙe numfashi, matsuwar da yake ji ta ya taso, taruwar wannan iskar ce ta fi jawo ta.

Akwai iskar da ke wuce duk waɗannan masu gadi ba tare da sun farga ba, ita ce kabon monoksaid. Tana fitowa daga salansar janareta da kuma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, hanci ba shi da makarɓinta. Idan ta shiga jini, tana maƙale wa jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai ta hana shi aikinsa. Ƙullin wuya kuwa oksijin ɗin da ke narke a ruwan jini yake aunawa, wanda a wannan hali ba ya sauyawa sosai. Don haka ba ya buga ƙararrawa, mutum ba ya jin shaƙewa, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, daga nan barci. Wanda ya riga ya yi barci kuwa ko waɗannan ba zai ji ba.

Wannan ya shafi duk mai shagon cajin waya, mai gidan kallon ƙwallo, da mai shigar da ƙaramin janareta cikin soro ko shago da dare don tsoron ɓarayi. Ya kuma shafi masu shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa da taga lokacin hunturu. Alamun sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, amma akwai abin lura: idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fita waje, iskar ɗakin ce abin zargi. A fitar da kowa, a kashe injin, a garzaya asibiti.

Gas ɗin girki ma asalinsa kusan ba shi da wari. Kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi, etil makaptan, da gangan, don hanci ya gane idan yana zuba. Masu yasar rijiya da masai kuma su sani cewa iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa, tana kashe jin warin ne gaba ɗaya. Ɗaukewar warin a cikin rami ba alamar lafiya ba ce.

Yadda sauro ke gano mutum a cikin duhu

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa. A yankin da ake noman shinkafa da na rani, kamar kewayen madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, sauro ba ya rasa ruwan da zai yi ƙwai.

Macen sauro ce ke cizo, kuma ba da ido take fara farauta ba. A wasu 'yan gaɓoɓi da ke gefen bakinta akwai ƙwayoyin da ke gane kabon dayoksaid ɗin da mutum ke fitarwa, tun daga nisan mitoci masu yawa. Idan ta ji, sai ta bi iskar zuwa inda ta fito. Da ta matso, eriyoyin kanta su ɗauki warin fata da na gumi, musamman na ƙafa. A ƙarshe ɗumin jiki ya nuna mata inda za ta sauka.

Ƙorafin nan na cewa sauro ya fi son wani a kan wani yana da tushe. A 2022 ɗakin binciken Leslie Vosshall a jami'ar Rockefeller ya sa mutane sanya safar nailan a hannu, aka ba sauron da ke yaɗa cutar shawara da dengi zaɓi tsakanin safofin. An samu mutumin da ya fi wani jan sauro kusan sau 100, kuma waɗanda suka fi jan sa su ne masu yawan wasu sinadarai masu tsami a maiƙon fatarsu.

Daga nan mai karatu zai gane matsalar manhajojin da ke cewa suna korar sauro da siririyar ƙara. Abin da ke jawo sauro sinadari ne da ɗumi, ƙara daga lasifikar waya ba ta taɓa ko ɗaya. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2007 ya tattara gwaje-gwajen na'urorin korar sauro da ƙara, bai samu wani amfani a tare da su ba. Gidan sauro mai magani da man shafawa mai ɗauke da DEET su ne aka tabbatar.

Ƙuduji: irin da ke sauraron hirar dawa

Manomin dawa, gero ko masara a Rano da Kibiya ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa ja-ja ne mai kyan gani, amma inda ya yi yawa zangarniya ba ta cika. Tsiro ba shi da hanci ba shi da jijiya, amma irin ƙuduji yana aiki da dabarar kwaɗo da makulli ɗin nan, kuma rayuwarsa gaba ɗaya a kanta ta rataya.

Irin ƙanana ne kamar ƙura. Tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Guzurin da ke cikin kowane ɗaya kaɗan ne, idan ya tsira bai samu saiwar da zai maƙale wa ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa zai yi. Saboda haka ruwan sama kaɗai ba ya tayar da shi. Sai ya sha danshi da ɗumi na mako ɗaya zuwa biyu, sannan ya jira tabbacin cewa akwai saiwa kusa da shi.

Tabbacin yana zuwa ne daga dawar kanta. Saiwar dawa da ta masara tana fitar da wasu sinadarai da ake kira sitirigolakton. An fara ware na farkonsu a 1966 daga saiwar auduga. An daɗe ana mamakin dalilin da zai sa tsiro ya riƙa kiran maƙiyinsa, sai a 2005 masana a Japan suka nuna cewa kiran ba na ƙuduji ba ne. Tsiron yana kiran wasu ƙwayoyin naman gwari ne na cikin ƙasa, waɗanda ke taimaka masa tsotso sinadarin fosforas. Ƙuduji kutse ya yi, kamar mai satar shiga wayfai ɗin maƙwabci da ba a sa wa lambar sirri ba. A 2015 ƙungiyoyin masana daga Amurka, Kanada da Japan suka gano makarɓan da irin ke amfani da su, cikinsu har da wani mai suna ShHTL7 da ke gane ɗan mitsitsin adadin da ba ya ko misaltuwa.

Wannan ya warware abin da tsofaffin manoma suka daɗe da lura da shi, wato ƙuduji ya fi addabar gajiyayyar gona. Idan ƙasa ta rasa fosforas da naitirojin, dawa takan ƙara yawan kiran da take yi, ƙudujin da ke ji kuma su ƙaru. Idan an zuba taki, kiran ya ragu. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa cirewa kaɗai ba ta ceton amfanin bana: kafin ƙuduji ya leƙo sama ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana shan jinin dawar. Cirewar tana da amfani ne ga shekaru masu zuwa, in dai an yi ta kafin ya zubar da iri, aka kuma ƙone abin da aka cire.

Sanin makarɓin ya buɗe hanyar yaudararsa. Waken suya, gyaɗa da auduga suna fitar da sinadarin da ke tayar da irin ƙudujin dawa, amma ba ya iya rayuwa a jikin saiwarsu, sai ya tsira ya mutu da yunwa. Manomin da ya huta da dawa ya shuka waken suya a gonar, yana rage ajiyar irin da ke cikin ƙasa ke nan. Sai dai wake yana da nasa nau'in ƙudujin daban. A 2018 masana a jami'ar Nagoya suka sanar da wani sinadari da suka haɗa, sifainolakton-7, wanda ke kunna ShHTL7 ko da babu wata shuka a wurin. A gida kuma, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA mai reshe a Kano, sun fitar da irin masara da na wake masu jure ƙuduji.

Tarkon ƙamshi da manhajar waya

Tsutsar nan mai cinye masara daga nahiyar Amurka ta fito, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Uwarta wani malam-buɗe-littafin dare ne. Macen tana sakin wani sinadari a iska, namijin ya ɗauke shi da eriyoyinsa ya biyo ta daga nesa. Ana kiran irin wannan sinadari feromon, kuma Bajamushe Adolf Butenandt ne ya fara ware irinsa a 1959 daga ƙwarin siliki.

Yanzu ana haɗa na jabu a saka cikin tarko a rataye a gona. Mazan su zo neman mace su faɗa. Yawan waɗanda aka kama yana nuna ko ɓarna na tafe, don a duba gona da wuri kafin tsutsar ta shige cikin zuciyar masara. A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da manhajar Android mai suna FAMEWS don shigar da wannan ƙidaya daga gona. Tarkon ne ke shinshinawa, wayar kuma ta yi lissafi ta aika.

Me ya hana a sa wa waya hanci?

Idon mutum nau'in ƙwayoyin launi uku yake da su, don haka kyamara da allon waya ja, kore da shuɗi kawai suke buƙata su haɗa kowane launi. Ƙamshi kuwa layuka kusan 400 ne, kuma har yanzu ba a gama sanin wane sinadari ke kunna wanne ba. Matsala ta biyu ita ce fitarwa. Allo yana yin haske daga batir, lasifika na yin ƙara daga batir, amma ƙamshi sai an saki ainihin sinadari, wanda ke ƙarewa kamar tawadar firinta. Kamfanin DigiScents na Amurka ya gwada da wata na'ura mai suna iSmell, ya rufe a 2001.

Ɓangaren ganewa ya fi samun ci gaba. A 1982 Krishna Persaud da George Dodd na jami'ar Warwick a Ingila suka gabatar da hancin lantarki: jerin na'urorin sansano da ba wadda ta ƙware a kan sinadari ɗaya, amma haɗuwar amsarsu ke ba da hoto, daidai da dabarar hancin mutum. Yawancin masu arha ana yin su ne da wani sinadarin kuza da ake ɗumamawa, idan gas ya taɓa shi sai yadda yake wuce da lantarki ya sauya. Buƙatar ɗumamawar, da buƙatar iska ta riƙa shiga, na cikin abin da ya sa ba su dace da siririyar waya da aka toshe don kada ruwa ya shiga ba. An samu 'yan kaɗan da suka gwada, kamar CAT S61 ta 2018 mai auna gurɓatar iskar ɗaki. A 2023 kuma mujallar Science ta buga aikin masanan da suka fito daga Google suka kafa kamfanin Osmo. Sun horar da ƙirƙirarriyar basira da sinadarai kusan 5,000 har ta iya hasashen ƙamshin sabon sinadari daga siffarsa kawai.

Wasu sun zaɓi aron hancin halitta kai tsaye. Wani ɗan Nijeriya, Oshiorenoya Agabi, ya kafa kamfanin Koniku a Amurka, inda ake haɗa rayayyun ƙwayoyin halitta masu makarɓan ƙamshi da na'ura don gano abubuwan fashewa. Ya nuna samfurin a taron TEDGlobal a Arusha ta Tanzaniya a 2017, daga baya kamfanin jiragen sama na Airbus ya shiga aikin. A Morogoro, can Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da gafiya ta gano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin kakin marasa lafiya. Gafiya ɗaya kan duba samfuri 100 cikin kusan minti 20. Wata mai suna Magawa ta samu lambar zinare a 2020 saboda nakiyoyin da ta gano a Kambodiya. 'Yar'uwar wadda yara ke haƙa a bayan gari ce.

Gwaji biyu, da abin kiyayewa

Mai karatu zai iya tabbatar da wasu daga cikin bayanan nan a gida. A rufe wa mutum ido, ya toshe hanci, a ba shi ɗan yankan gwaiba sannan na mangwaro. Zai ji zaƙi da tsami, amma zai sha wuyar faɗin wanne ne wanne har sai ya saki hancin. Na biyu, a shinshina daddawa na minti biyu ba tsayawa, za a ji warin yana raguwa. A fita waje a dawo, sai ga shi ya koma kamar da. Ɗalibin da ke koyon haɗa na'urori kuma zai iya haɗa MQ-2 da allon Arduino ko ESP32, ya ga yadda lambobi ke tashi idan ya kusanto da hayaƙi. Wannan na koyo ne kawai, ba a dogara da shi wajen tsaron rai.

Abubuwan da suka kamata a riƙe su ne:

- Duk manhajar da ta ce tana gano zubar gas ko hayaƙin janareta da wayar kaɗai, ba tare da wata na'ura ta daban ba, a goge ta. Wayar ba ta da abin aunawar.
- Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga, kamar mita 6 in da hali. Soro, bayi da shago a rufe duk ciki ne.
- Kaskon gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Mai hali ya sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai amfani da batir.
- Idan an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ashana ko makunnin lantarki, kuma kada a ɗauka ya daina zuba don an daina jin warin.
- A gonar da ƙuduji ya kama, a zuba taki, a riƙa sauya dawa da waken suya ko gyaɗa, a nemi iri mai juriya wurin malaman gona, a cire shi kafin ya yi iri.

Matashin da ya ga jan furen nan a gonar gidansu a daminar bana, zai iya ɗaukar hotonsa, ya ajiye alamar wurin a taswirar wayarsa. Idan baɗi ta zo aka zauna shawarar inda za a kai taki da inda za a shuka waken suya, ga shaida a hannunsa da zai nuna wa mahaifinsa.